Baton a Turanci da Larabci: sanda, kulki ko harsashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin fassara labarai daga Turanci da Larabci zuwa Hausa a wani gidan rediyo. Kwanan baya aka kawo rahoton wata zanga-zanga da ya ce 'yan sanda sun yi amfani da "baton rounds", sai na rubuta cewa sun yi wa mutane dukan kulki. Bayan an karanta labarin, wani abokin aikina ya ce na yi ɓarna. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ba sanda ake nufi da baton ba? Kuma na taɓa ganin kalma mai kama da ita a rubutun mutanen Labanan, ita ce ko wata ce daban?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin aikinka ya gaya maka gaskiya, ɓarnar kuma ba ƙarama ba ce. Amma bari mu fara share mai sauƙin.

Turanci ya aro baton daga Faransanci a ƙarni na 16, asalin ma'anarta kuwa sanda. Daga nan ta rarrabu. A hannun ɗan sanda kulki ce, Larabawa su ce hirawa. A gudun ba-ni-in-ba-ka ita ce 'yar gajeriyar sandar da masu gudu ke miƙa wa juna, mai tsawon santimita 28 zuwa 30, a Larabci asat tatabu'u. Daga wasan ne Bature ya samo maganar miƙa baton idan shugaba ya sauka ya ba wani, wadda mu za mu ce ya miƙa ragama. Akwai siririyar da jagoran makaɗa ke kaɗawa, akwai ta babban hafsan soja mai muƙamin mashal, wadda a wurinmu ta fi kusa da sandar girma da ake ba sarki ranar naɗi. Larabci yakan ɗora waɗannan a kan kalmar asa, wadda ka sani a Suratu Ɗaha inda Annabi Musa (AS) ya ce sandarsa ce yana dogara a kanta, sai a jingina kalmar asa ga wata kalma don a bambance.

Wadda ka gani a rubutun Labanan kuwa baɗon ce, ana rubuta ta da haruffan ba, alif, ɗa, wawu da nun. Ba ta haɗa komai da sanda ba. Kankare take nufi a bakin mutanen Sham, daga béton ta Faransanci, a daidaitaccen Larabci kuma kharasana. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi makarantar Faransanci ba sa rikita béton da bâton.

To ga inda ka faɗi. A bakin soja, round harsashi ɗaya ake nufi. Baton round kuwa abu ne da ake ɗurawa a bindiga mai faɗin baki a harba cikin taro. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da 'yan sandan mulkin mallakar Ingila a Hong Kong ke harba guntayen katako ga masu zanga-zanga. A 1970 sojojin Birtaniya suka shigo da na roba Ireland ta Arewa, bayan 'yan shekaru aka koma na filastik mai tauri. A rikicin can kaɗai waɗannan harsasai sun kashe mutum 17, har da yara, ban da waɗanda suka rasa ido. Larabci bai ɓoye abin ba, rasas maɗɗaɗi yake cewa, wato harsashin roba. Haka ya kamata ka ce: 'yan sanda sun harba harsasan roba. Da dukan kulki rahoton ke nufi, baton charge za ka gani, wato sun afka wa taro da kulake.

Wannan cutar kusan kullum sai na ci karo da ita, kuma ta ishe ni: mutum ya ɗauka kowace kalma ma'ana ɗaya gare ta, ya buɗe ƙamus ya ɗauki ta farko, ya rufe. Yanzu ma ƙamus ɗin an daina buɗewa, sai a liƙa jimla a manhajar waya, abin da ta fitar a kwafe. Kai ka yi kuskure ka damu har ka tambaya. Waɗanda ke ɓata min rai su ne masu zama a bakin kotuna da ofisoshi da waya ɗaya da hatimi, suna karɓar kuɗin talakawa da sunan fassara takardu, ba su taɓa zama gaban malamin Turanci ko na Larabci sun ƙoshi ba. Ofisoshin da ke karɓar takardun su ma hatimin kawai suke dubawa, babu mai tambayar wa ya fassara, a ina ya koya.

Ka dubi abin da kalma ɗaya ke jawowa. Yaro ya rasa ido, likita ya rubuta da Turanci cewa baton round ne ya same shi, mai fassara ya mayar da shi dukan sanda. Lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya ce ai ranar ba wanda ya matso kusa da yaron balle ya doke shi, kuma shaidu su tabbatar. Shi ke nan magana ta rushe. Alhali harbi yana da bindiga, yana da wanda ya riƙe ta, yana da wanda ya ba da umarni, akwai kuma littafin da ake rubuta harsasan da aka fitar daga ma'ajiya. Duk wannan sawun mai fassara ya share shi da alƙalaminsa. A rediyo ma haka ne: wanda ya ji an ce kulki zai ce ai na iya gudu, gobe ya fita da ɗansa. Wallahi amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu a kanta.

Saboda haka kada ka fassara baton sai ka duba a hannun wa take da kalmar da ke biye da ita. Idan rahoton ya zo da Turanci da Larabci, ka ajiye su gefe da gefe, ɗaya zai tona abin da ɗaya ya lulluɓe. Labarin da ya riga ya fita kuwa, ka je wurin editanka yau, ku karanta gyara a lokacin da aka saba karanta labaran, ku faɗa ƙarara cewa harbi aka yi.