Hajiya, hoton 'yar tsana na AI kaɗai ba zai kawo riyal ba

Wata baiwar Allah a Jidda mai saida kayan wasan yara ta WhatsApp ta turo min tambaya. Wai taga ana saka hoton yaro a AI ya fito kamar 'yar tsana mai laushi irin ta ulu, tana so ta fara yi wa mutane tana karɓar riyal 5 duk hoto, shin ta biya kuɗin wata na manhajar AI ɗin ko ta tsaya a na kyauta?

To Hajiya gaskiya zan gaya miki, hoton shi kaɗai ba haja bane. Tunda ChatGPT ya fara irin wannan zanen a watan Maris 2025, Gemini ma yana yi, 'yar makaranta da wayar mamanta zata haɗa shi cikin minti ɗaya bata kashe ko halala ba, to wa zai baki riyal 5? Kuma ki duba lissafi, ChatGPT Plus, wato na biyan kuɗi, dala 20 ne a wata, dala kuma riyal 3.75 take, kinga riyal 75 kenan, sai kin saida hoto 15 kafin ki maida uwar kuɗi. Ki fara da na kyauta tukunna.

Inda kuɗin yake shine ki ɗora hoton akan abinda ake riƙewa a hannu. Kofi, sitika, mariƙin makulli, katin suna, ledar rabon alewar Sallah, harma tsarabar da alhajinmu zai kai wa jikoki Kano ko Damagaram da fuskarsu a jiki, wannan kam mai waya bazai iya shi a ɗaki ba dole sai anje maɗaba'a. Ki zaga maɗaba'a biyu ko uku kiji farashin guda ɗaya da na dozin, ki ɗora ribarki, kuma ki karɓi rabin kuɗi kafin a buga domin kofi mai fuskar ɗan wata ba mai sayensa in ta fasa. Wajen ba manhajar AI umarni ki faɗa mata komai filla-filla, ulu mai gashi, idon maɓalli, ɗinki a gefe, farin bango. Sunan yaro kuwa ki rubuta da kanki, rubutun Larabci yakan fito mata a karkace.

Abinda nafi jin tsoro, don Allah kar ki saka hoton AI a matsayin 'yar tsanar da kike saidawa. Mace ta gani ta turo kuɗi, kaya ya iso ba shi bane, ranar kin rasa ta kin rasa ƙawayenta. Hoton 'ya'yan mutane kuma amana ne, kar ki yi talla dashi sai uwa ta yarda, kina gamawa ki goge. Sanannun 'yan tsana irinsu Labubu da Hello Kitty suna da masu su, ki bar su.

Baki faɗa min takardar da kike zaune da ita ba. In igama ce, wato takardar izinin zama ta baƙi a Saudiyya, ki tambayi wanda ya san doka kafin ki buɗe shafin talla, kar wani yace zai ara miki rajistar kasuwancinsa, tasattur kenan, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan wani, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ki gwada kofi goma da 'yan uwa, ki turo min abinda kika kashe da abinda ya shigo mu duba tare.