Filin Tambaya da Amsa: Wannan ciyawa mai ganyen karas ta dajin Amurka, iri ɗaya ce ko iri-iri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a garin Pullman na jihar Washington a Amurka. Tun ƙarshen Maris duk sanda muka fita yawo kan tuddai sai in rinƙa ganin wata gajeriyar ciyawa, ganyenta kamar na karas, furenta a tattare kamar lema, wani rawaya wani fari. Abokina yace sunanta desert parsley, wai mutanen asalin ƙasar suna cin saiwarta. Na ɗauki hoto na sa a manhajar waya, yau ta bani wannan suna gobe ta bani wani daban, har na rasa na kamawa. Dan Allah iri ɗaya ce ko kuwa? Ta yaya zan bambance? Kuma zan iya tonowa in ɗanɗana?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya bada sa'ar karatu. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe saboda ita ce mai rai a ciki: a'a, kar ka tono, kar ka ɗanɗana. Dalili na nan tafe.

Abokinka yayi gaskiya a suna amma ba ciyawa ɗaya bace. Dangi ne guda da masana tsirrai ke kira Lomatium, irinsu sun haura 80, kuma kusan dukkansu 'yan yammacin Arewacin Amurka ne. Gidansu ɗaya da karas da seleri, shi yasa kaga ganyen yayi maka kama da na karas. Kai kuma Allah ya kaika tsakiyar garinsu, dan yankin kogin Columbia da kogin Snake na cikin inda suka fi yawa, a tudu ɗaya kana iya taka iri huɗu ko biyar baka sani ba. To manhaja ba laifinta bane sosai, hoton fure daga sama kake bata, alhali furen shine abinda ya fi ruɗarwa a jikin wannan tsiro. Rawaya ne a wajen mafi yawansu, lemar kuma duk kusan fasali ɗaya.

Ka tuna tafasa da rai-ɗore a gida. Baƙo daga nesa zai ce abu ɗaya ne, fure rawaya, tsayi kusan ɗaya, amma tsohuwar da ta saba yin kwaɗo ko kallo na biyu bata yi, ta san bakin ganyen tafasa a zagaye yake na rai-ɗore kuma da tsini. Nan ma haka ne, sai dai inda ake dubawa ba ganye kaɗai bane.

Abu na farko da zaka koya wa idonka shine leƙa ƙarƙashin lemar. Babbar lemar ta kasu ƙananan lemomi, to a wuyan kowace ƙarama akwai wasu 'yan ganyayyaki mitsi-mitsi da suka tallabe ta, wani irin yana da su wani babu. Wannan kaɗai yana raba gardama da yawa. Misali biyun da nake kyautata zaton su kake ta gani masu rawaya: Lomatium triternatum da Lomatium ambiguum. Dukkansu ganyensu sirara ne dogaye, dukkansu rawaya, a hoto kam sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya. Amma triternatum yana da 'yan ganyen wuyan nan sirara, jikinsa kuma da ɗan gashi mai laushi idan ka duba da gilashin ƙara girma, shi kuwa ambiguum wuyansa fayau yake ba komai. Shi kuma Lomatium cous, wanda shine mashahuri a wajen ci, gajere ne kuma 'yan ganyen wuyansa masu faɗi ne, bakinsu a zagaye, ana ganinsu ko ba gilashi.

Abu na biyu, kuma shine babba, 'ya'yan. Gaskiya duk wanda yace maka zai tantance Lomatium a watan Afrilu da fure kawai to rabin aiki yayi. Littattafan tantance tsirrai na yankin kusan duk akan 'ya'ya suka dogara, su kuma basa nuna sai wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni lokacin da fure ya zube mutane sun daina ɗaukar hoto. Ɗan Lomatium a baje yake kamar an danne shi, da fiffike a gefe da gefe kawai. Idan kaga ɗa mai fukafukai har a gadon bayansa to mai yiwuwa ka fita daga dangin ka shiga maƙwabtansu da ake kira Cymopterus, waɗanda suma suna ruɗa mutane ba kaɗan ba. A cikin dangin kuma tsayin ɗan da faɗin fiffiken da kaurinsa suke magana. Lomatium macrocarpum ɗansa dogo ne siriri, yana kai santimita 1 zuwa 2, ga ganyensa toka-toka mai gashi a kwance a ƙasa, furensa fari-fari ko da ɗan shunayya. Lomatium dissectum kuwa fiffiken ɗansa gajere ne mai kauri, ba siriri kamar takarda ba. Saboda haka abinda zan baka shawara shine idan kaga tsiro a Afrilu, ka ɗauki hotonsa ka riƙe wurin a taswirar waya, bayan sati biyar ko shida ka koma ka same shi da 'ya'ya. Kar ka wuce Yuli, dan zafi na shigowa suke bushewa su ɓace kamar ba'a taɓa yinsu a wurin ba, sai wata shekara.

Masu farin fure ƙanana da kace ka gani, waɗannan su suka fi kowa sammako, wani lokacin tun Fabrairu dusar ƙanƙara bata gama narkewa ba sun fito. Furen fari ne da ɗigo-ɗigon baƙi-baƙi a kai, wanda kan zaren furen ne mai launin shunayya. Biyu ne ke rigima anan, Lomatium gormanii da Lomatium piperi. Shi piperi yawanci zaka ga ganye a jikin karan furen kuma ɗansa sumul yake, gormanii kuma yawanci ganyensa duk daga gindi suke fitowa, ɗansa da ɗan kaushi. Wajenku gormanii zaka fi haɗuwa da shi. Kaga wannan bambanci ai ba abinda waya zata gano daga hoton da aka ɗauka a tsaye bane, sai ka durƙusa, wando ya sha ƙasa.

Hanci ma yana aiki. Akwai wanda ke fitowa cunkus a tsakanin duwatsu, ganyensa an yayyanka shi siriri sosai kamar gashi, idan ka murza ƙamshinsa mai ƙarfi ne har ya kama hannu. Shekara da shekaru ana kiransa Lomatium grayi, sai a 2018 wasu masana suka sake nazari suka ce ba iri ɗaya bane, suka raba shi, na yankinku yanzu sunansa Lomatium papilioniferum, an sa masa sunan ne saboda malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke cin ganyen. Na kawo maka wannan ne dan ka san cewa wani lokacin sunaye biyu da manhaja ta baka duk tsiro ɗaya ne, tsohon suna da sabo. Mai sauƙin ganewa a cikinsu duka shine Lomatium nudicaule, ganyensa faffaɗa ne shuɗi-shuɗi ba yankakke ba, karan kuma ya kumbura daidai inda lemar ta fara. Shi kam ko sabon shiga baya ɓata.

Saiwa ita ce ta uku, wani dunƙule ne zagayayye kamar na Lomatium cous da Lomatium canbyi, wani doguwa ce mai nitsewa ƙasa, Lomatium geyeri kuma tasa a jere take ƙulli-ƙulli. Amma ni ban so ka bi ta nan, tono kashe tsiron ne, kuma wasunsu shekaru suke ɗauka kafin su yi fure na farko. Wasu ma doka ta karesu, Lomatium bradshawii na kwarin Willamette a Oregon an sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1988, sai 2021 aka cire shi bayan ya farfaɗo. Ga kuma maganar ƙasa, gandun gwamnati da filin ƙabilu ba wurin da mutum zai shiga da diga bane haka kawai.

Yanzu maganar ci. Eh ana ci, kuma ba ƙaramin abinci bane. Ƙabilun Nez Perce da Yakama da Umatilla da na Warm Springs har yau matansu na fita da sandar tono, ana ɓare saiwar a shanya ko a daka a mulmula a busar dan ajiya, kuma suna da bikin sabuwar saiwa da suke yi kafin kowa ya fara ci. Amma fa waɗannan a bayan kakanninsu suka koya, kowane iri da sunansa a harshensu. Ayarin Lewis da Clark, Amurkawa masu binciken ƙasa, da suka zauna wajen Nez Perce a watan Mayu na 1806 sayen cous suka rinƙa yi da 'yan kayan da suka rage musu, ga yunwa ga saiwar a daji kyauta, amma Lewis ya rubuta cewa sun ƙi barin mutanensu su tono da kansu dan tsoron kar su haɗa da wani tsiro mai dafi da ake kira hemlock su kashe kansu. Mutanen da suka shekara biyu a daji kenan fa.

Hemlock ɗin nan gidansu ɗaya da karas shima, kuma iri biyu ne a wajenku. Conium maculatum baƙo ne daga Turai, shine dafin da aka ba masanin falsafa Socrates ya sha a Atina, yana son bakin hanya da bakin rafi, karansa sumul da ɗigo-ɗigon shunayya, furensa fari, warinsa kamar na ɓera. Idan ya girma ya fi mutum tsayi ba mai ruɗewa, matsalar tana ga ƙaraminsa da bai yi kara ba, ganyen nan sak na Lomatium dissectum. Na biyun Cicuta douglasii ya fi muni, a fadama da bakin ruwa yake, gindinsa idan aka tsaga ɗaki-ɗaki ne da wani ruwa rawaya mai maiƙo, guntu kaɗan yana jefa mutum cikin jijjiga kuma yana kashe har saniya. Yawancin Lomatium busasshen tudu mai duwatsu suke so, to duk mai lema fara da ka gani ƙafarsa cikin laima ka bashi hanya. Idan tsautsayi yasa wani ya tauna, ba jiran alama ake ba, lambar gaggawa ta 911 za'a kira nan take.

Idan kana son ka ƙware da gaske ka nemi ƙaramin gilashi mai ƙara girma sau 10, da ɗan ma'auni da zaka ajiye kusa da ɗan tsiron kafin ka ɗauki hoto. Hoto huɗu ake so: tsiron gaba ɗaya da inda ya fito, ganye ɗaya a shimfiɗe, ƙarƙashin lema, sai 'ya'ya. Da waɗannan idan ka sa a manhajar iNaturalist ta tantance tsirrai da dabbobi mutanen da suka san abin zasu iya gyara maka, kuma jami'ar da ke garinku tana da ɗakin adana busassun tsirrai, ka leƙa ka gwada naka da nasu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni matar aure ce a Boise, jihar Idaho. Wata maƙwabciyata ta bani wani ruwan magani a 'yar kwalba an rubuta Lomatium, tace yana maganin mura da tari. Zan iya ba yara?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, ya yaran. Wannan daga saiwar Lomatium dissectum ake yinsa, wato ɗaya daga cikin manyansu mai kai mita ɗaya ko fiye, kuma gaskiya ne ƙabilun yankin sun daɗe suna amfani da shi a ciwon ƙirji. Sai dai ba'a yi masa irin gwajin asibitin da za'a ce ga adadin da ya dace da yaro ba, kuma sananne ne cewa yana feso wa wasu mutane ƙuraje masu ƙaiƙayi a duk jiki, suna iya ɗaukar kwanaki kafin su kwanta. Ni dai ban yarda ki ba yara ba, ke ma idan da juna biyu ko kina shayarwa ki barshi. Kiyi wa maƙwabciya godiya yadda ya kamata, kwalbar kuma ki tafi da ita ki nuna wa likitan yaran ranar da zaku je.