Ga mai tambaya kan ziyarar gidan Elvis Presley a Memphis

Ɗan'uwa, ka ce aiki zai kai ka Memphis a jihar Tennessee, kana so ka leƙa Graceland, gidan mawaƙi Elvis Presley, kuma kana tambaya ko ana barin baƙo ya ajiye wani abu kamar yadda masoya suke yi. Ana bari. Amma ka sani, wuraren da ake ajiye abu biyu ne, katangar waje da kaburbura, kuma duka biyun kana iya kai wa gare su ba tare da ka biya ko sisi ba. Tikiti na shiga cikin gida ne.

Gidan yana kan titin Elvis Presley Boulevard, kudu da tsakiyar gari, kusa da filin jirgi. A 1957 Elvis ya saye shi, a ciki ya mutu ranar 16 ga Agusta 1977, aka buɗe wa jama'a a 1982. Ba a ƙofar gidan ake yankan tikiti ba, a tsallaken titi ne. Can za ka ajiye mota, a kwashe ku a ƙaramar bas, kowa da iPad da abin sawa a kunne. Za ka ga falo, kicin, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da ɗakin nan mai koren kafet har a silin. Bene kuwa ba a hawa, kada ma ka roƙa. Hoto ba laifi in ba filasha, bidiyo ne aka hana a ciki.

Katangar dutse ce mai kaushi, ta bi gefen titi har bakin get ɗin da aka yi wa ado da alamomin kiɗa. Babu dutsen da ba a rubuta wa ba: sunaye, ƙasashe, kwanan wata, saƙo a harsuna iri-iri, wani a kan wani. Biro ba ya kamawa, kada ka wahalar da kanka. Maka (marker) baƙa mai kaurin baki ake so, kuma ka riƙe biyu, don dutsen yana cinye bakinta kafin ka gama layi uku. In an yi ruwa ka jira ya bushe, jiƙaƙƙen dutse tawada take malala a kai. Nemi fuskar dutse mai ɗan santsi, ka taƙaita: suna, gari, shekara. Ka ɗauki hoto nan take, domin rana da ruwan sama suna kashe rubutun, wani kuma zai zo ya ɗora nasa a kai. Rubutu a katangar kawai ya tsaya. Daga get zuwa ciki, wanda ya zana wani abu ya ja wa kansa magana da masu gadi.

Kaburburan suna wani ɗan lambu a gefen gida, kusa da wurin iyo. Da farko a maƙabartar Forest Hill aka binne Elvis, sai aka yi yunƙurin sace gawar, shi ya sa a Oktoba 1977 aka dawo da shi nan tare da gawar mahaifiyarsa Gladys. Mahaifinsa Vernon da kakarsa suna nan, haka jikansa Benjamin da 'yarsa Lisa Marie da ta mutu a 2023. Abin da aka fi ajiyewa furanni ne, wasiƙu, ƙananan tutoci, da 'yar tsanar beyar saboda wata waƙarsa ta 1957. Ɗanyen fure ba ya daɗewa a zafin Memphis, da ya yi yaushi ma'aikata za su ɗauke. Wasiƙa kuma ka sa ta a leda ka ɗaure ta jikin furen, in ba haka ba raɓa ta jiƙa ta ko iska ta tafi da ita. Kada ka ajiye abin da za ka ji zafin rasawa, ba a komawa neman kaya.

Ga abin da baƙi da yawa ba su sani ba: yawancin ranaku ana buɗe get daga 7:30 zuwa 8:30 na safe, ka taka da ƙafa har lambun kyauta. A ganina wannan sa'ar ta fi duk sauran yini. Da rana, lambun ne ƙarshen zagaye, jama'a na bayanka suna jira, ko karanta rubutun kabari ba za ka yi a tsanake ba. Ka duba shafinsu na intanet kafin ka fita, wani lokaci ana dakatar da shi.

Idan tafiyarka ta faɗo tsakiyar Agusta, lissafi ya canza. Daren 15 ga wata, jajibirin ranar mutuwarsa, dubban mutane ke yin layi da kyandir a hannu, ana rufe titin, layi yana kai wa har asuba, ga zafi mai gumi. Ruwan sha da takalmi mai daɗin tsayuwa dole ne, masauki kuma sai an kama tun da wuri. In kunna kyandir a kabari bai kwanta maka ba, babu mai tilasta ka, daga titi ma ana kallo. Haka 8 ga Janairu, ranar haihuwarsa, akwai cunkoso, sai dai wannan karon rigar sanyi za ka nema.