Amsa ga mai tambaya kan ƙotar wuƙar da ta kumbura da damina, da wadda ta tsage da hunturu

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa, don ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce ka gaji wuƙaƙen aljihu uku a akwatin marigayi a unguwar Aboabo, nan Kumasi: Opinel ɗaya da ta ƙi buɗuwa tun da ruwa ya sauka, Okapi ɗaya, da wata ƙirar maƙera wadda ƙotarta ta tsage a hunturun da ya wuce. Kuma wani ya ba ka shawara ka tsoma su duka cikin man gyaɗa ko baƙin man mota su kwana, sannan kana so ka san yadda ake fara tara irinsu.

Kafin komai, don Allah kada ka tsoma. Ni na taɓa yi da man gyaɗa, shekaru da yawa baya, da wata wuƙa da na saya a hannun wani dattijo mai sayar da goro. Sati biyu na farko ƙotar ta yi kyau har ina nuna wa mutane. Daga baya man ya lalace a cikin itacen, ta fara wari, tana danƙo a hannu, kiyashi da kyankyasai suka gano inda take. Har yau idan rana ta yi zafi ƙotar nan tana tsattsafo mai. Man girki duk haka yake, da na gyaɗa da man ja, ba ya bushewa, ruɓewa yake yi. Baƙin man mota kuwa ya fi muni: zai baƙanta itacen har abada, kuma wuƙar da za ka yanka lemo ko ka ɓare goro da ita ba ta da haɗi da dattin inji.

Abin da ke damun wuƙaƙenka biyu abu ɗaya ne, wato iskar garin nan. Itace ko ya shekara hamsin da sarewa bai daina shan laima yana fitar da ita ba. Mu kuma a Kumasi damina biyu gare mu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sai hunturu ya sauko a Disamba ya busar da komai cikin 'yan kwanaki. Ka dubi ƙofar ɗakinku ta katako: da damina sai an sa kafaɗa take rufuwa, da hunturu kuma haske na shigowa ta gefenta. To ƙotar wuƙa ma haka take yi, sai dai ita tana manne da ƙarfe, shi kuwa ƙarfe ba ya kumbura ba ya tsukewa saboda laima. Itacen na son motsi, ƙusa ta riƙe shi, sai ya tsage daga bakin ƙusar. Je ka duba taka, ina kyautata zaton daga nan tsagar ta faro. Kuma itace ya fi shan ruwa ta bakinsa, wato inda aka yanke shi a kan kai da gindi, fiye da ta jikinsa. Mutane suna ta shafa mai a jikin ƙota inda ido ke gani, su bar gindin da cikin tsagin da ruwan wuƙa ke kwanciya, alhali nan ne ƙofar da laima ke shiga.

Bari in fara da Opinel ɗin, don ita ce mai sauƙi. Wuƙar Faransa ce, daga yankin Savoie, Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890. Ƙotarta guntun itace ɗaya ne da aka tsaga, babu ƙarfe a cikin tsagin, kuma irin itacen da aka fi yin ta da shi yana da saurin kumbura. Shi ya sa da laima ta shige shi sai ya matse ruwan wuƙar. Ba lalacewa ta yi ba, halinta ne, har a can ƙasarsu an san ta da shi. Ka fara tabbatar da cewa zoben wuyanta bai kulle ta ba. Sannan ka riƙe ta a rufe ta wajen wuya, ka buga ƙarshen gindin a kan tebur sau ɗaya ko biyu, tsinin zai leƙo har ka iya kamawa. Kada ka sa filaya ka ja da ƙarfi, kada kuma ka ɗora ta a kan kwanon rufi ko kusa da murhu wai ta bushe da wuri. Na ga ƙotar da aka bari a gaban gilashin mota yini ɗaya ta rabe gida biyu. Buɗe ta za ka yi, ka ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, kwana huɗu ko biyar. Idan ta saki, ka ninka sanfefa mai laushi ka ɗan goga cikin tsagin kusa da wuya, sau kaɗan kawai, ka hure ƙurar. Daga nan ka narkar da kakin zuma kaɗan ka ɗiga a cikin tsagin da bakin itacen da ke ƙarƙashin zobe da kuma gindi, ka yi ta buɗewa da rufewa har ya zauna, ka goge saura. Ni da hunturu nake wannan aikin, lokacin itacen ya bushe da kansa, kakin sai ya toshe ƙofar kafin ruwan Maris ya iso. Tunda taka ta kama yanzu, ka yi na wucin gadi, ka maimaita a Janairu.

Zoben nan ma yana gaya maka shekarunta. A 1955 aka ƙara shi, a shekarun 1990 aka fara gyara shi yadda zai kulle wuƙar ko tana rufe, sai a 2000 gyaran ya game duk masu zobe. Saboda haka idan zoben taka yana kulle ta a buɗe kawai, ta riga 2000. Amma ka lura, ƙananan lambobi daga 2 zuwa 5 ba a sa musu zobe ko yanzu, kada wani ya sayar maka da lamba 4 ya ce tsohuwa ce tun kafin 1955 don ba ta da shi. A jikin ruwanta za ka ga tambarin hannu da kambi a sama.

Ta maƙeran ita ce na fi ji, kuma ita ce na fi so ka yi wa a hankali, don Opinel ana samun wata, wannan kuwa babu ta biyu. Abu ɗaya nake so ka riƙe: gam kafin mai. Idan mai ya shiga tsagar, babu gam ɗin da zai ƙara kamawa. Ka share cikin tsagar da tsinke ko tsohon buroshin haƙori, a bushe. Idan siririya ce kamar gashi, gam mai ruwa-ruwa ɗin nan na ƙaramin bututu ya isa, ka ɗiga kaɗan zai bi tsagar da kansa, ka naɗe ƙotar tamau da robar tsohon tif na keke ta kwana. Idan ta buɗe har farce na shiga, sai gam mai haɗi biyu, ka gauraya shi da garin katako mai kalar ƙotar. Kowane kafinta a Anloga ko Sokoban zai ba ka garin odum ko mahogani cikin takarda ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Idan ƙusar ce ta yi sako-sako, ka kai wa wanda ya san aikin ƙarfe ya ɗan dake kanta da ƙaramar guduma, ka tsaya a kansa, ka ce masa kaɗan-kaɗan. Wanda ya saba da ƙarfen mota hannunsa na da nauyi.

Sai maganar mai. Abin da na zauna a kai bayan gwaje-gwaje shi ne farin man farafin da ake sayarwa a kantin magani, wanda ake sha don bushewar ciki. Ba shi da wari, ba ya lalacewa, ba ya cutarwa idan ya taɓa abinci. Ɗigo biyu ko uku a tsumma, ka murza, ka bari minti ashirin, ka goge har tsumma ya daina ɗaukar komai. Idan ka narkar da kakin zuma kashi ɗaya cikin man kashi uku ko huɗu, za ka samu abu mai kauri kamar man shafawa, ƙaramin gwangwani ɗaya zai kai ka shekaru. Man linsid da kafintoci ke amfani da shi yana bushewa ya yi tauri a cikin itace, ya fi kariya, amma yana duhunta kala, kuma wanda ake kira dafaffe akwai sinadaran busarwa a ciki, ban so shi a wuƙar abinci ba. Idan ka yi amfani da shi, kada ka dunƙule tsumman ka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta shi kaɗai. Ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi da ruwa.

Za a ce maka man kaɗanya fa? Iyayenmu da shi suka yi, kuma ban raina shi ba. Ya fi man gyaɗa jurewa nesa ba kusa ba. Ina shafa shi kaɗan a jikin ƙota da hunturu idan ba ni da wani, amma ba na barin ya shiga mahaɗa, don yana daskarewa ya tara ƙura. Ni sau uku nake bi ta kan nawa a shekara: farkon Disamba da an ji iska ta juya, tsakiyar Janairu, sai ƙarshen Fabrairu. Da damina ba mai suke buƙata ba, a fito da su su sha iska ne.

Okapi ba za ta wahalar da kai ba, ƙotarta itace ne da aka cika da danƙon roba tun daga masana'anta, ba ta cika shan ruwa ba. Matsalarta tsatsa ce, a ruwan wuƙar da kuma ƙarfen bayanta mai zobe. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902 don kasuwar Afirka, a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu. Ka duba rubutun jikinta, idan Jamus aka rubuta, ka riƙe ta da kyau. Baƙi-baƙin da ƙarfe ke yi bayan an yanka lemo ko goro ba tsatsa ba ne, kariya ce ma, ka bar shi. Ja mai ɓarɓashi shi ne abokin gaba, ka goge shi da mai da soson ƙarfe mafi laushi.

Roƙona gare ka, kada ka kankare ƙotocin nan don su koma sababbi, kada kuma ka bari a fesa musu man ƙyallin kujera. Na yi wannan kuskuren da wuƙar mahaifina. Akwai wani ɗan lotsi a ƙotar inda babban yatsansa ke zama, itacen ya yi duhu ya yi santsi a wurin. Na sa sanfefa na share shi cikin minti goma, ina ganin gyara nake yi. Shekara fiye da ashirin ke nan, kuma duk lokacin da na ɗauke ta sai yatsana ya nemi wurin.

Wajen ajiya, kada ka bar su cikin kube na fata wata da watanni. Fatar jima tana riƙe laima, tana sa tagulla ta yi kore, ƙarfe ya yi tsatsa. Leda ma gumi take sa su. Aljihun tebur na katako da tsumma a shimfiɗe ya wadatar, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sababbin takalma. Idan ka ga fumfuna a ƙota, goge ta da busasshen tsumma ka shanya a inuwa. Bayan layya kuwa, idan ka taɓa nama da ɗayansu, ka wanke ruwan wuƙar kaɗai ka tsane nan take, kada a jefa ta cikin bahon wanke-wanke tare da wuƙaƙen fawa. Kuma wuƙa mai ninkewa ba ta yanka dabba ba ce.

Game da tarawa ba zan tsawaita ba. Kada ka bi duk mai ƙyalli. Sunan Laguiole, misali, na wani ƙauye ne a Faransa, kuma wuƙaƙe masu ɗauke da sunan da yawa a wasu ƙasashe ake yin su da araha. Ni na zaɓi layi ɗaya, wuƙaƙen da fatake da 'yan goro da mahauta na Zango suka riƙe, kuma mafi yawan nawa ba a kasuwar Kejetia na saya ba, a hannun tsofaffi na same su bayan doguwar hira. Duk wadda ta shigo hannuna ina rubuta a ɗan littafi daga wa ta fito da sana'arsa da shekarar. Kai ma ka fara da ukun nan, ka tambayi Hajiya ko baffanninka inda marigayi ya samo kowace tun suna tunawa.

Ka ɗauko hoton tsagar da na rubutun jikin Okapi in gani kafin ka sa gam. In kuma kana zuwa babban masallaci ranar Juma'a, ka zo da ta maƙeran a naɗe cikin tsumma, zan taho maka da ɗan haɗin kakin da nake da shi.