Ƙaramin rubutun da ke saman Zabura

Ɗana, jiya da muka tashi daga koyon waƙa ka tambaye ni ko rubutun nan na saman Zabura ta 22, "Barewar Asuba", shi ma rerawa ake yi. Ba a rera shi. Saƙo ne aka bar wa makaɗi, wato da mu ake.

Ka san yadda mai rubuta waƙa a nan kan ce a rera ta da karin waƙa kaza. Haka yawancin masana suka fahimci wannan. A ganinsu, "Barewar Asuba" waƙa ce da Ibraniyawa suka sani, sai aka ɗora sababbin baitoci a kan karinta. Haka ma "Kada Ka Hallaka" da ke saman ta 57, 58, 59 da 75. Ita ta fi taɓa mini zuciya, domin a Ishaya 65:8 kalmomin nan ake faɗa idan an ga nonon inabi mai ruwa. Shi ya sa wasu ke ganin waƙar gona ce aka shigo da ita Haikali, aka roƙi Allah da ita.

Wasu kalmomin Ibrananci kuwa kayan kiɗa ko murya suke nufi. Neginot, a ta 4 da ta 67, kayan tsirkiya ne irin su garaya. Nehilot, a ta 5, sarewa ake ɗauka. Alamot a ta 46 ma'anarta 'yan mata, Sheminit a ta 6 da ta 12 kuma "ta takwas". Buɗe 1 Tarihi 15:20-21 ka gani, an raba Lawiyawa makaɗa, waɗansu bisa Alamot, waɗansu bisa Sheminit. Daga nan ake ɗaukar Alamot siririyar murya ce, Sheminit kuma kakkaura.

Karin kansa ya ɓace, kuma tun da daɗewa. "Ga shugaban mawaƙa" na saman zabura har guda 55, amma Yahudawan da suka juya littafin zuwa Girkanci kafin haihuwar Almasihu "zuwa ƙarshe" suka rubuta a wurin, alamar cewa tun a lokacin ma'anar ta shige musu duhu. Don haka duk wanda ya ce maka ga ainihin karin Dawuda, kada ka karɓa.

Abin da ya rage mana, muna aiki da shi. In rubutun ya ce tsirkiya, ka sassauta ganga garaya ta fito. Ranar Alhamis ka zo da sarewarka, da ta 5 za mu fara.