Me ya sa lamba 1 ta fi 8 haske a agogon masallacinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo ne a Marwa. Na haɗa wa masallacin unguwarmu agogo mai lambobi huɗu na jan LED, Arduino Uno ke tafiyar da shi, yana kunna su ɗaya bayan ɗaya. Idan 1 ta fito sai ta yi ƙyalli, 8 kuwa dishi-dishi, dattawan sahun baya ba sa iya karanta ta. Resista guda na sa wa kowace lamba. Ko fitilun ne jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da wannan aiki. Fitilunka lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wurin resistar nan guda.

Kowace lamba sanduna bakwai ce, kowace sanda kuma LED ce mai zaman kanta. Da ka sa resista a ƙafar da suka yi tarayya, ka yanka musu wuta kwano ɗaya ke nan. A lamba 1 mutum biyu ne ke cin kwanon, a 8 mutum bakwai. Dole na bakwai su tashi da yunwa.

Cire resistar nan guda, ka ba kowace sanda tata. Tunda lambobin bi da bi suke kamawa, resista bakwai sun ishi duka huɗun. Jan LED yana cin kusan volt 2 daga cikin 5, don haka ohm 330 za ta ba sanda miliamp (mA) 8 zuwa 9.

A nan tiransista, wato ƙaramin makunnin lantarki, ke shigowa, kuma nan nake so ka natsu. Idan 8 ta kama, kusan mA 60 ne ke taruwa a ƙafar tarayyar. Ƙafar Arduino kuwa mA 20 aka so ta ɗauka, 40 ne iyakarta. Ka ɗora mata 60, haske zai faɗi, wata rana kuma ta ƙone. Saboda haka kowace lamba a ba ta tiransistarta. In ƙafar tarayyar katod ce (ɓangaren negatif na LED), nemi BC337 ko 2N2222: kolekta zuwa katod, emita zuwa ƙasa (GND), bes zuwa Arduino ta resista ohm 680. Wannan zai ba bes kusan mA 6, kashi ɗaya cikin goma na kayan da ta ɗauko, ta buɗe gaba ɗaya ba tare da ta yi zafi ba. In anod ce (ɓangaren fozitif), sai BC327, emita a volt 5, ita kuma tana kamawa ne idan ƙafar Arduino ta sauka sifili. Duba jerin ƙafafun kafin ka narka dalma, domin na BC337 da na 2N2222 mai baƙar roba sukan saɓa, na sha ganin an juya su.

A cikin umarnin da ka rubuta wa Arduino, ba kowace lamba lokaci daidai, kamar milisakan 2, kuma ka kashe tiransista kafin ka sauya sanduna, in ba haka ba inuwar wata lamba za ta riƙa leƙowa a maƙwabciyarta.

Idan da batirin sola masallacin ke aiki, ƙarfinsa yakan haura volt 14 lokacin caji. Kar ka bar ƙaramar regiletar Uno ta sha wannan nauyi a zafin watan Afrilu na Marwa. Sa LM2596, na'urar rage volt, ka auna volt 5 da mita kafin ka jona agogon.