Ga Malam mai shirin kai riɗi Holan

Salamu alaikum 'yan uwa. Malam, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka samu mai saye a Holan yana son kwantena ɗaya ta riɗi, kana da rajistar kamfani ta CAC da ta NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, kuma wani ejan a Legas ya ce ka turo kaya kawai, takardu ka bar masa. Wallahi kalmar da aka faɗa mini ke nan, ko wasali ba a canza ba.

Nawa ejan ɗin ba baƙo ba ne, sahu ɗaya muke sallah da shi idan na sauka Legas. Na sayi riɗina a Maigatari, fari tas, aka tace shi a Dawanau, na ɗora a mota. Ya ce babu gurbi a jirgi tukuna, ya zuba kayan a wani sito. Daga baya yaron da ya yi lodi ya gaya mini tattabaru ne cike da rufin siton, ga ɓeraye suna wasan tsere a kan buhuna. Ejan ɗin ya turo mini takardar gwaji mai tambari, ta ce kaya lafiya lau. Ashe ko buhu ɗaya ba a soka ba, samfurin da aka kai ɗakin gwaji ba daga kayana ya fito ba.

Kwantena ta isa tashar Rotterdam a Holan, jami'an can suka ɗebi nasu samfurin, sai ga salmonela, ƙwayar cuta mai gurɓata abinci. Ina tsaye a bakin shago bayan la'asar saƙon mai sayen ya shigo, na karanta na sake karantawa, na nemi benci na zauna. Zaɓin da aka ba ni: a lalata kayan, ko a gasa su da zafi a can, ko a dawo da su, kuma kowanne daga aljihuna, ga kuɗin ajiyar tasha yana hawa kullum da Yuro. A cikin jarin nan har da kuɗin adashen yayata. Na kira ejan ɗin, waya a kashe. Da ya ga dama ya ɗauka sai ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, a yi haƙuri." Ƙaddara! Har gobe idan na ji wani ya ce mini a yi haƙuri a harkar kaya, muryarsa nake ji. Kuma bai dawo da ko sisin kobo na kuɗin gwajin ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Don Allah ka gane wannan: feshin sito ko jefa ƙwayar fostoksin ƙwari yake kashewa, ba ya taɓa salmonela. Ita daga kashin tsuntsu da na ɓera da shanya a ƙasa inda awaki ke bi take zuwa. Tarayyar Turai ta sa riɗin Najeriya cikin kayan da ake tsananta wa bincike a ƙarƙashin dokarta mai lamba 2019/1793, dole kaya su tafi da takardar hukuma da sakamakon gwaji, kuma ko da su ana iya sake gwadawa a can. Ka je NAFDAC da ƙafarka tun kafin lodi, ka tsaya a kan mai ɗibar samfur ka ga yana soka buhunanka.

Fom ɗin NXP, wato na fitar da kaya waje, kuma a bankinka za ka buɗe, da sunan kamfaninka. Kada ka yarda a ce a bi ta na wani don sauri. Za ka biya kuɗin NESS, wato na sa ido kan kayan da ake fitarwa, kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan, masu duba kaya su ba ka CCI, takardar shaidar an duba kayan. Ka tuna CBN na son kuɗin cinikin kayan su dawo Najeriya cikin kwana 180. Ni ina kukan asara, banki na aiko mini da wasiƙar ina kuɗi.

Takardar lafiyar tsirrai ta hukumar killace kayan gona (NAQS) daban, ta inganci da feshi daga hukumar duba amfanin gona (FPIS) daban, ga ta asalin kaya daga ƙungiyar 'yan kasuwa (NACCIMA). Nauyi da adadin buhu da sunan mai karɓa su zo ɗaya a duk takardun. Harafi ɗaya ya saɓa, kwastan na can ba ruwansu da roƙo.

Abin da ke ƙona mini rai, mu muke jawo wa junanmu. Dubi wake. Tun 2015 Turai ta rufe ƙofa saboda sinadarin dikulobos, wancan na cikin Sniper da ake zuba wa hatsi a sito. 'Yan zoɓo ma sun sha tasu da Meziko kan ƙwaron kafra. Mutum ɗaya ya yi ganganci, duk kasuwa ta biya.

Af, ka sa mai sayen ya rubuto maka duk abin da yake so, danshi, tsabta, irin gwajin da ɗakin gwajin da ya yarda da shi, kafin ka sayi ko kwano ɗaya. Ku kuma rubuta wa zai ɗauki asara idan an ƙi kayan. Ka tambaya ko za a iya cika kwantenar a rufe ta a tashar kwantena ta kan tudu ta Dala nan Kano, a gabanka. In kuma dole sai kayan sun kwana a Legas, ka je ka ga siton da idonka, ka ɗaga kai ka dubi rufin.